Masu shirin hawa tsaunin Obudu daga Zariya: ga amsoshinku

Da zarar hutu ya matso, ɗaliban Samaru da Kongo da magidanta masu son fita da iyali sai su fara aiko tambayoyi iri ɗaya. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan za a turo shi.

Malam, motar igiyar nan tana aiki?

Kada ka ɗauka tana aiki sai wanda yake wurin a makon tafiyarka ya tabbatar maka. An kafa ta a 2005, zamanin Gwamna Donald Duke. Tsawonta kusan kilomita 4, tana ɗaga mutum mita 870 daga gindin dutse zuwa sama cikin 'yan mintoci. Amma ta sha tsayawa na dogon lokaci, kuma hoton da ka gani a Facebook ba ya faɗa maka shekarar da aka ɗauke shi.

Wai mece ce motar igiya?

Ɗan ɗaki ne mai tagogi, rataye a jikin igiyar ƙarfe, inji ke jan sa daga tasha zuwa tasha. Naka zama ne kawai.

Ni ɗan Zariya ne, na san hunturu. Sai na ɗauki rigar sanyi?

Ka san hunturu, ba ka san wannan ba. Sanyinmu busasshe ne, na can jiƙaƙƙe ne, hazo ke shiga cikin tufa. Saman tsaunin ya kai mita 1,576 daga teku, Zariya kuwa ba ta kai 700 ba, kuma duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Ɗauki suwaita, da rigar ruwa mara nauyi, da safa. Yara a sa musu hula. Shadda mai sitaci a bar ta a gida.

A ina yake ma?

Jihar Kuros Riba, ƙaramar hukumar Obanliku, daf da iyakar Kamaru. Gidan kiwon shanu ne tun 1951 kafin ya zama wurin shaƙatawa. Ba cikin garin Obudu yake ba, daga garin akwai sauran tafiyar awa guda ko fiye.

Yaya, mu hau da ƙafa mu sauko a motar igiya, ko mu hau a mota mu sauko da ƙafa? Akwai Baba da yara a cikinmu.

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ba ɗaya ba ce.

Titin da ke hawa daga ƙofar ƙasa zuwa sama kilomita 11 ne, kwana bayan kwana. Lissafin da masu hawan duwatsu ke amfani da shi shi ne awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Idan ka buga, za ka samu awa uku da rabi zuwa huɗu ga mai lafiya da bai tsaya ba. Kai kuwa za ka tsaya, za ka ɗauki hoto, wani zai ce ƙafarsa. Sa awa biyar. Kada gasar tsere da aka fara yi a titin a 2005 ta ruɗe ka, 'yan Habasha da suka riƙa lashe ta sana'arsu ke nan. Kada kuma ka ce ai kana hawa dutsen Kufena na Zariya duk ƙarshen mako. Kufena ko rabin wannan hawan ba ta kai ba.

Yawancin mutane suna zaton saukowa ita ce mai sauƙi. Ga numfashi, haka ne. Ga gwiwa, a'a. A gangara, cinya ce ke yi wa jiki birki a kowane taku, yatsu kuma suna dukan bakin takalmi, shi ya sa ciwon ke fitowa washegari ko jibi, daidai lokacin da za ka zauna a mota ka nufo gida. Saboda haka ga matasa masu ƙarfi na fi son a hau da ƙafa a sauko a zaune. Sai dai akwai tarko a nan: ka isa sama a gajiye da la'asar, a ce maka iska ta yi ƙarfi ko babu wuta, an tsayar da motar igiya. Irin waɗannan motoci ko'ina a duniya ana tsayar da su idan aka ga iska ko tsawa, kuma daidai ne a tsayar. Idan ɗakin kwananka a sama yake, babu matsala. Idan a ƙasa ka bar kaya, ka shiga uku, don rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci, hazo kuma kan riga ta. Don haka ko dai ka kama ɗaki a sama, ko ka yi magana da direba ko ɗan acaɓa tun da safe, ka karɓi lambarsa, ku yanke kuɗi.

Baba kuma, ya danganta. Idan yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko suga, ko gwiwa, kada a sa shi a titin nan ko da ya ce zai iya. Dattawanmu ba sa son a ga gazawarsu a gaban 'ya'ya. A kai shi sama a mota, ya yi yawonsa a can inda ƙasa ta ɗan miƙe. Idan kuwa manomi ne da ya saba da tafiyar ƙafa, mai yiwuwa ya bar ku a baya, amma duk da haka mota ta biyo ku. Yaron da bai kai shekara 10 ba, mota. Masu tafiya su tashi kafin ƙarfe bakwai, kowa da ledar ruwa ɗaya ga kowace awa, watau rabin lita, da dabino ko ƙuli-ƙuli, su bi gefen da suke fuskantar motoci masu zuwa, don direba ba ya ganin abin da ke bayan kwana.

Da motata zan hau. Akwai abin lura?

Saukowa. Kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Sa giya ta biyu, ko L idan atomatik ce, inji ya riƙe motar. Firi kuwa haramun ne a nan. Kafin hawa duba ruwan lagireto, idan allura ta tashi ka tsaya, kuma kada ka buɗe murfin da zafinsa.

Hajiya ta ce tana tsoron numfashinta zai ɗauke a sama.

Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Ciwon da tsayi ke jawowa yakan fara ne daga wajen mita 2,500, nan bai kai ba. Kunne zai ɗan toshe, ki haɗiyi yawu ko ki yi hamma. Idan tsoron kallon ƙasa ne, zauna a tsakiya ki dubi nesa.

Wane wata ya fi?

Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba. Da damina hazo na rufe komai, titi na santsi. Disamba da Janairu ƙurar hunturu na dushe duwatsun nesa, ga cunkoson Kirsimeti.

Za a iya zuwa a dawo a kwana biyu?

A'a. Hanyar doguwa ce: Akwanga, Lafiya, Makurdi, Gboko, Vandeikya, sannan Obudu. Ka kwana a Makurdi, kada ka yi tafiyar dare. Kwana huɗu shi ne mafi ƙaranci.

Sallah da abinci fa?

Matafiyi ne kai, kana da kasaru. Ɗauki darduma, ka saita alƙibla a waya tun kana da sabis. Kilishi da dambun nama a saye su a Zariya.

Silifas ya isa?

Bai isa ba. Kambas mai ƙasan roba, wanda ka riga ka saba da shi. Sabo fil zai fasa maka dunduniya kafin ka sha kwana ta biyar a titin.