Tsare sabon gida daga ɓarayi: tambayoyi da amsoshi

Abu uku ɓarawon da ke fasa gida yake gudu: ɓata lokaci, ƙara, da idon mutane. Duk ƙarfe ko na'urar da za ka saya, ka auna ta da waɗannan ukun. Idan ba za ta jinkirta shi ba, ba za ta tilasta masa yin ƙara ba, kuma ba za ta sa a gan shi ba, to kuɗinka ka zubar.

Gidan sabo ne fil. Me zai sa ɓarawo ya fi sa masa ido?

Saboda hannaye da yawa sun ratsa shi. Magini, kafinta, mai wayarin, mai fenti da leburori duk sun san inda kowane ɗaki yake, sun kuma san tagar da ba ta kama da kyau. Akasarinsu mutanen kirki ne masu neman na kansu, amma makulli ya yi watanni yana yawo daga aljihu zuwa aljihu, yanko irinsa kuwa aikin 'yan mintoci ne. Don haka aikin farko, tun kafin a shigo da kaya, shi ne canza makullan duk ƙofofin waje. Haka ma idan gidan saye ne ko haya.

Ba dole sai an cire kubar gaba ɗaya ba. A yawancin ƙofofin zamani, ɓangaren da makulli ke shiga, wato silinda, sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi a gefen ƙofar. Ka kwance sukurun, ka ɗan murɗa makullin, ka zaro silindar, ka auna tsawonta, ka sayo daidai ita.

Sannan ka sa labule tun daren farko. Kwalayen sabon talabijin da firji kuma kada a jibge su a bakin ƙofa, sanarwa ce ga duk mai wucewa. A yayyanka su kafin a zubar.

Na sa ƙofar ƙarfe mai kauri. Ba shi ke nan ba?

A'a, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ɓarawo bai cika faɗa da ganyen ƙofa ba, firem yake nufa, wato abin da ƙofar ke maƙale a jiki. Sai ya zura ƙarfe tsakanin ƙofa da firem, ya danne, firem ya lanƙwasa ko ya ɓaɓɓako daga bango, harshen kuba ya suɓuce. Ƙofar tana nan lafiyarta lau, gidan kuwa a buɗe.

Ga abin da za ka duba. Idan firem na ƙarfe ne a bangon bulo, ya kasance yana da aƙalla ƙafafu uku a kowane gefe da suka nutse cikin bango, kuma ramukan bulon da ke kewaye da shi a cike suke da kankare. Bulo mai kogo rugurgujewa yake idan aka matsa masa. Cikin firem ɗin ma a ɗura masa kwaɓin siminti don kada ya lotsa. Ka ƙwanƙwasa shi da yatsa: in ya yi ƙarar fanko, ba a cika shi ba.

Idan na katako ne, ka kwance ƙarfen da harshen kuba ke shiga ka ga sukurorinsa. Sau da yawa ba sa wuce santimita 2, shuri ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tsage katakon. Ka musanya su da masu tsawon santimita 7.5, waɗanda za su ratsa firem su kama abin da ke bayansa. Haka za ka yi wa hinjin, wato ƙarafan da ƙofar ke juyawa a kansu, waɗanda ya kamata su zama uku. In zuwa waje ƙofar take buɗewa, hinjin yana hannun ɓarawo ke nan, sai a toshe kan sandarsa da walda don kada a zare ta.

Gwaji na ƙarshe: ka kulle ƙofar, ka tura ta da kafaɗa. Idan tana wasa, ko tazarar da ke tsakaninta da firem ta wuce milimita 3 zuwa 4, akwai inda ƙarfe zai samu shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma duk wannan ka yi wa ƙofar baya da ta kicin, domin su aka fi rainawa wajen kashe kuɗi, su ne kuma babu mai ganin wanda ke tsaye a gabansu.

Wace irin kuba ko kwado ya dace?

Ƙaramin harshe mai karkataccen baki, wanda ke kamawa da kansa idan an turo ƙofa, ba kulli ba ne. Da ɗan katin roba ake tura shi baya. Wanda ake dogara da shi shi ne harshe mai faɗi da sai an murɗa makulli yake fita, kuma ya shiga firem da aƙalla santimita 2.5. Silinda kuma kada ta leƙo waje fiye da milimita 3, domin idan ta leƙo, da filaya ake kama ta a karya ta a tsakiya.

Kwado kuwa, ka nemi wanda jikinsa ya rufe mariƙinsa, yadda almakashin yanka ƙarfe ba zai samu wurin kamawa ba. Amma kwado mai kyau a kan marataya da aka ɗaura da sukurori a waje aikin banza ne, kwance ta kawai za a yi. A ɗaure ta da ƙusa mai santsin kai wadda ta ratsa ƙofar, notinta na ciki. Da dare a ƙara da sakata biyu, sama da ƙasa.

Tagogi fa?

Sandunan ƙarfen taga su kasance rodi mai kaurin milimita 12 zuwa 16, tazararsu kada ta wuce santimita 10 zuwa 12, don ko yaro kada ya iya zura kai. Dogayen sanduna marasa gicciye jak ɗin mota ke buɗa su ba tare da wata ƙara ba, saboda haka a sa gicciye duk bayan santimita 30 zuwa 40. A nutsa bakunansu cikin bango, kada a tsaya ga ɗaure su a firem ɗin taga. Ka duba waldar kafin a shafa fenti: ɗigo-ɗigo ba walda ba ce, guduma ɗaya ke raba ta.

Akwai abin da ba ma so ka manta da shi ko kaɗan. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga zai hana iyalinka fita ranar gobara. Kowane ɗakin kwana ya samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, makullinta a rataye kusa, inda hannu daga waje ba zai kai ba, kuma kowa a gidan har yara ya san wurin.

Taga ko ƙofar gilashi mai zamewa ɗaga ta ake yi daga layinta. Ka ɗaura sukurori biyu a layin sama, kawunansu su ɗan leƙo yadda za ta zame amma ba za ta ɗagu ba, sannan ka kwantar da sanda a layin ƙasa.

Akwai wata mashiga da ake mantawa da ita?

Rufi. Ana ɗaga kwano, a fasa silin, a sauko tsakiyar ɗaki. Raga ta ƙarfe a saman silin ɗin ɗakin da ake ajiye kaya masu daraja tana magance wannan. Sai ramin na'urar sanyaya ɗaki da ƙaramar tagar banɗaki.

Doguwar katanga ba ta wadatar ba?

Tana jinkirta mai haurawa, amma da zarar ya dira, ita ce ke ɓoye shi daga idon maƙwabta. Sabon gida kuma yakan bar masa matakala: ragowar bulo, tulin yashi, durom, tsanin da masu aiki suka jingine. A kwashe su duka daga jikin katanga, ciki da waje, a sare reshen da ya ratso ta. Shebur, diga da guduma a kulle su, kada ka ara masa kayan aiki.

Fitila, ƙararrawa, kyamara: wanne zan fara saya?

Sai bayan ƙofa da taga sun kammala. Daga nan fitila, sai ƙararrawa, kyamara ce ta ƙarshe, domin ita shaida take bayarwa, ba ta riƙe hannun kowa.

Fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi a kafa ta a tsayin kamar mita 2.5, a gefen hanyar da mutum zai bi. Ta fi saurin gane wanda ya gifta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Mai sola ko batir ta fi, don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta.

Ƙararrawar ƙofa ɓangare biyu ce, ɗaya a ganye ɗaya a firem, maganaɗisu ke haɗa su, da sun rabu jiniya ta tashi. Ka gwada ta duk wata, ka canza batirinta kafin ya mutu. Idan tana tashi babu dalili ka gyara nan take, domin maƙwabcin da aka tasa sau uku a banza ba zai fito a na huɗu ba.

Kyamarar da aka kai can ƙololuwa saman kai kawai take ɗauka. Tsakanin mita 2.5 da 3, tana kallon mashiga, ba ta fuskantar fitila, a nan take kama fuska. Akwatin da ke adana hotunan a ɓoye shi, in ba haka ba da shi za a tafi. Kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani kuma a canza ta a ranar da aka kafa ta.

In zan yi tafiya fa?

Ka sanar da maƙwabci ɗaya ko biyu da ka yarda da su, su riƙa leƙawa. Fitilar waje da ke ci dare da rana har mako guda tana faɗa wa kowa babu mutane, gara na'urar da ke kunna ta da kashe ta kan lokaci. Hotunan tafiya a Facebook su jira ka dawo. Makulli a ƙarƙashin tabarmar ƙofa ko cikin tukunyar fure kuwa, nan ake fara dubawa.

Idan duk da haka aka shiga?

Tun yau ka ɗauki hoton kayanka masu daraja da lambobin da ke jikinsu. Ta waya, ka danna *#06# za ta nuna maka lambarta mai alƙaluma 15. Akwatin ƙarfe na ajiya a ɗaure shi da daɓe ko bango, in ba haka ba sungumarsa za a yi.

Idan ka dawo ka tarar da ƙofa a ɓalle, kada ka shiga, mai yiwuwa yana ciki. Ka ja da baya, ka kira 'yan sanda daga wurin maƙwabta, kada ka taɓa komai sai sun zo. Idan kuwa kana ciki ka ji motsi, ka tara iyali a ɗaki ɗaya mai sakata, ka kunna fitilu, ka tada ƙararrawa, ka yi waya. Kada ka tare masa hanyar fita.