Tsutsar ƙullin saiwa da hanyoyin rage ta da halittu masu rai

Tsutsar ƙullin saiwa wata ƙaramar halitta ce mai siffar zare daga dangin nematod, wadda masana ke kira Meloidogyne. Ƙaramarta da ke yawo cikin ƙasa tsawonta kusan rabin milimita ne, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. A 1855 aka fara bayyana cutarta a jikin kokwamba a Ingila. A ƙasashe masu zafi, irin da suka fi ɓarna su ne M. incognita, M. javanica da M. arenaria. Sun fi son ƙasa mai rairayi, kuma suna addabar tumatir, kuɓewa, gauta, karas, kankana da wake, musamman a lambun rani da ake maimaita shuka ɗaya shekara da shekaru.

Yadda ake gane ta

Ƙaramar tsutsar takan shiga ta bakin saiwa, ta zauna wuri guda tana tsotso, wurin ya kumbura ya zama ƙulli. Mace guda takan zuba ƙwai ɗaruruwa cikin wani abu mai yauƙi, kuma idan ƙasa na da ɗumi, cikin mako 3 zuwa 4 sabon zubi ya fito. Daga sama abin da ake gani shi ne shuka ta tsumbure, ganye ya yi rawaya, ta yi yaushi da rana tsaka ko da an yi ban ruwa da safe. Manoma da yawa sukan ɗauka yunwar taki ce, su ƙara zuba taki a banza. Tabbaci yana wajen tuge shuka a wanke saiwar. A jikin wake sai an lura: ƙullutun da ke tara wa ƙasa albarka a gefen saiwa suke manne, suna cirewa da ɗan yatsa, cikinsu ja-ja ne. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa.

Halittun da ke cin ta

Mafi shahara ita ce fumfunar Purpureocillium lilacinum, wadda kafin 2011 ake kira Paecilomyces lilacinus, kuma har yanzu wasu kwalayen maganin da ake yi da ita na ɗauke da tsohon sunan. Zarenta yana huda ƙwan tsutsar ya cinye cikinsa. Pochonia chlamydosporia ma ƙwai take bi. Fumfunar Trichoderma tana lulluɓe saiwa tana ƙara mata ƙarfin jurewa. Bakteriyar Pasteuria penetrans aikinta daban ne: ƙwayoyinta kan manne a fatar ƙaramar tsutsa, su tsiro cikinta, macen ta girma cike da ƙwayoyin bakteriya maimakon ƙwai. Sai dai tana da zaɓe, irin da ya kama wata tsutsa ba lallai ya kama wata ba. Nematod ɗin da ake sayarwa da sunan Steinernema na kashe ƙwari ne, ba don ƙullin saiwa aka yi su ba.

Ana zuba maganin da aka yi da waɗannan fumfuna kamar mako 2 kafin dashe, a sake lokacin dashe, sannan bayan mako 4 zuwa 6, a bi awon da ke jikin kwali. Da yamma ake zubawa, a bi da ruwa ya kai shi wurin saiwa. Inda ya fi biyan kuɗinsa shi ne komin reno, domin dashen da ya fito da ƙulli ya riga ya kai cutar gona.

Yawancin gazawar wannan magani daga mantawa ne cewa abu ne mai rai. Kwalin da ya yini a rana a kasuwa ko ya wuce wa'adi ya mutu kafin a buɗe shi. Ƙasa ta bushe, fumfunar ba za ta tsiro ba. A gauraya shi da maganin kashe fumfuna, an kashe shi da hannu. Kuma ba ya warkar da ƙullin da ya riga ya fito, zubi na gaba yake ragewa. Inda tsutsa ta yi katutu, shi kaɗai ba zai ceci amfanin bana ba.

Abin da ke taimaka musu

Ruɓaɓɓen taki shi ne abincin waɗannan halittu. Kashin kaji yana fitar da amoniya mai kashe ƙananan tsutsotsi, amma ɗanyensa na ƙona dashe, don haka a cuɗa shi da ƙasa mako 2 zuwa 3 kafin lokaci. Haka tunkuzar 'ya'yan darbejiya, giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita.

Furen Tagetes, wanda ake kira marigold da Turanci, yana fitar da wani sinadari daga saiwarsa mai cutar da tsutsar. Gindi biyu-uku a bakin komi ba sa yin komai, sai an shuka shi cunkus ya rufe wurin na wata 2 zuwa 3. Juya shuka da riɗi, gero ko dawa na rage yawanta, muddin an nome ciyawa, domin da yawa cikinta masaukin tsutsar ne. Gyaɗa na taimakawa a kan M. incognita, amma wani reshen M. arenaria yana cinta.

A bazara ana iya jiƙa komi a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna da ƙasa, a bari mako 4 zuwa 6. Zafin ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa, shi ya sa sai bayan cire leda ake zuba fumfuna. Irin tumatir mai harafin N a jikin fakiti yana da juriya, amma juriyar takan karye idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, abin da ba baƙo ba ne a lambunan Kano da Maraɗi daga watan Maris. Bayan girbi a tuge saiwoyi duka a ƙone, kar su shiga ramin taki, a kuma kankare ƙasar fartanya kafin a tsallaka wani komi.