Mene ne "kundin tarihi" da kowa ke cewa ya shiga?

Yanzu da wuya ka saurari labarai na rabin sa'a ba ka ji wani ya "shiga kundin tarihi" ba. Ɗan siyasa ya yanka ƙyallen buɗe gada, ya shiga. Ɗan ƙwallo ya ci uku a wasa ɗaya, ya shiga. Tun 2023 da yayin neman suna a littafin bajinta na Guinness ya kama matasa, kalmar ta ƙara bazuwa, har ta kai masu gabatar da shirye-shirye suna musanya "kundin bajinta" da "kundin tarihi" kamar abu ɗaya ne. Littafin Guinness, wanda aka fara bugawa a 1955, jerin waɗanda suka zarce kowa ne a wani abu: mafi tsawo, mafi sauri, mafi daɗewa. Wannan ba shi da alaƙa da abin da masu aikin adana takardu ke nufi.

Abin da ya fi damuna ma ba na 'yan siyasa ba ne, don su an san harshensu. Na halarci bikin cikar wata ƙungiyar mata ta taimakon al'umma shekara talatin da kafuwa, aka raba wata mujalla mai sheƙi, cike da hotunan shugabannin da suka gabata da saƙonnin taya murna. Mai gabatarwa ya ɗaga ta sama ya ce, "Ga kundin tarihin wannan ƙungiya." Bayan an tashi na tambayi sakatariyar, na ce, "Hajiya, ina littattafan da ake rubuta bayanan taro tun farkon kafawa?" Ta yi shiru, sannan ta ce suna wurin sakatariya ta farko, ita kuwa Allah ya yi mata rasuwa, kuma iyalinta sun daɗe da kwashe kayan ɗakinta. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Matan nan sun yi shekara talatin suna biya wa marayu kuɗin makaranta, suna zaman jinya da waɗanda ba su da kowa a asibiti, kuma abin da ya rage na shaida shi ne hotunan mutum bakwai ko takwas a zaune kan kujeru.

Kalmar kundi kanta ta san abin da take nufi, mu ne muka manta. A asali kundi shi ne tarin takardun da malami yake tarawa tsawon rayuwarsa: abin da ya kwafa daga malaminsa, abin da ya ji ya rubuta a gefen wata takarda, wasiƙar da aka aiko masa, fa'idar da ya gwada. Ba ɗinkakke ba ne, warwara ne a cikin gafaka, kuma ba don a buga wa jama'a aka yi shi ba. Mai shi ya tara ne don yana aiki da shi. Idan ya rasu, almajirin da ya gaji kundin zai gane ta ina malamin ya bi, me ya fi damunsa, da wa yake hulɗa, ko da malamin bai taɓa zama ya rubuta labarin kansa ba. To wannan ita ce ainihin ma'anar. Kundin tarihin ƙungiya shi ne takardun da suka taru da kansu a yayin da take gudanar da aikinta, aka kuma ajiye su bayan aikin ya wuce domin su zama shaida. Ɗakin da ake ajiye su shi ne taska ko ma'adana. Gidan da ake baje takuba da tufafin da don a kalla kuwa wani abu ne daban, haka ma ɗakin karatu, inda littafin da ke kan kanta akwai dubban irinsa a wasu wurare. Takardar da ke cikin kundi sau da yawa ita kaɗai ce a duniya. In ta ƙone, shi ke nan.

Saboda haka me ke cikin kundin ƙungiyar mata? Littafin bayanan taro, rajistar 'yan ƙungiya, littafin ma'aji da rasidai, tsarin mulkin ƙungiyar da duk gyare-gyaren da aka yi masa, wasiƙun neman taimako da amsoshinsu, rahoton da reshe ke aika wa uwar ƙungiya, hotunan da aka rubuta suna da kwanan wata a bayansu. Babu ko ɗaya a ciki da aka rubuta da niyyar burge wani, kuma daga nan ƙarfinsu ya fito. Mujallar biki tana faɗin abin da ƙungiya take so a tuna da ita a kai. Littafin taro kuwa yana nuna ranar da aka yi gardama kan ko a ci gaba da wani aiki, da sunan wadda ta ƙi yarda, da watan da asusu ya bushe.

Misalin da nake yawan komawa gare shi na wata ƙungiya ce ta Birtaniya, wadda aka fi sani da haruffan WVS, wato ƙungiyar aikin sa-kai ta mata. An kafa ta a 1938, yaƙin duniya na biyu yana ƙaratowa, bayan ministan cikin gida Samuel Hoare ya nemi Stella Isaacs, wadda ake kira Lady Reading, ta tara mata don taimaka wa shirin kare farar hula daga harin jiragen sama. Kafin yaƙin ya ƙare 'yan ƙungiyar sun haura miliyan ɗaya. Su ne suka taimaka wajen kwashe yara daga manyan birane zuwa ƙauyuka a watan Satumba na 1939, suka raba tufafi ga waɗanda bama-bamai suka rushe wa gidaje, suka buɗe wuraren saukar waɗanda suka rasa matsuguni, suka zauna a teburan da mutum ke zuwa tambayar labarin ɗan'uwansa bayan an kai hari cikin dare.

Abin da ya sa muka san wannan dalla-dalla ba jawabin da aka yi a majalisa ba ne. Ƙa'idar ƙungiyar ce cewa kowace cibiya, a birni ko a ƙauye, za ta riƙa aika rahoto hedkwata kowane wata, ta bayyana abin da ta yi. Matan da suka rubuta waɗannan rahotanni ba marubuta ba ne, kuma na tabbata da yawansu sun ɗauki abin a matsayin wani nauyi da aka ƙara musu bayan gajiyar yini. Sun rubuta barguna nawa aka raba, yara nawa aka saukar, wace matsala aka samu da mota, wa ya ƙi karɓar baƙi a gidansa. Wata bayan wata, shekara bayan shekara, takardun suka taru har suka kai dubban ɗaruruwan shafuka. A 2010 aka sanya su a rajistar Birtaniya ta shirin UNESCO na adana muhimman takardun duniya, shirin da aka fara a 1992. A 2016 ƙungiyar, wadda tun 2013 ta koma amsa sunan Royal Voluntary Service, ta nemi gudummawar jama'a ta intanet don ɗaukar hoton rahotannin farkon yaƙin a sa su inda kowa zai iya karantawa. A lokacin ana ajiye ainihin takardun a garin Devizes da ke Ingila.

Ka lura da yadda abin ya faru. Babu macen da ta zauna ta ce bari in shiga kundin tarihi. Aikinta ta yi, ta rubuta rahotonta, sannan aka samu wasu a baya, a lokuta daban-daban, da suka ga tarin tsofaffin fayiloli suna cin wuri a ofis amma ba su zubar ba. Wannan rashin zubarwa shi ne rabin aikin. Mai binciken da yake son sanin yadda talakan Ingila ya rayu a 1941 zai samu abin da ba ya cikin takardun gwamnati, domin gwamnati tana rubuta abin da ta umarta ne, su kuwa matan nan sun rubuta abin da ya faru da umarnin ya iso ƙasa.

Akwai wata ƙa'ida ta masu wannan aiki da ta ƙara raba kundi da mujallar biki. Tun 1841 aka kafa doka a ma'adanan gwamnatin Faransa cewa takardun da suka fito daga hukuma ɗaya ko gida ɗaya a bar su tare, kada a gauraya su da na wasu, ko da batunsu ɗaya ne. Daga baya aka ƙara da cewa a bar su a jeren da masu su suka bar su. Dalilin a fili yake. Rasidi shi kaɗai takardar banza ce. Amma idan yana manne da wasiƙar wata bazawara da ta nemi taimako, a bayansa kuma ga shafin taron da aka amince a biya, ya zama labarin mutum. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji sabuwar shugaba ta ce za ta "gyara" takardun ƙungiya, ma'ana ta tsince masu kyau, hotuna da takardun yabo, ta sa a gilashi, sauran a ƙone. Ta wargaza kundin ke nan da hannunta, alhali tana ganin hidima ta yi masa.

Ba ina cewa a ajiye komai ba. Ma'adanar gwamnatin Amurka kanta abin da take riƙewa har abada bai wuce kashi 5 cikin 100 na takardun da hukumomi ke samarwa ba. Tacewa dole ce, sai dai ma'auninta shi ne wace takarda ce ke nuna yadda aka yi aiki da yadda aka yanke shawara. Kwafi goma na katin gayyata ɗaya, guda ya isa. Littafin ma'aji mai dattin yatsu kuwa ba a taɓa shi.

Wani abu da ya keɓanta da ƙungiyoyin taimako shi ne amana. A cikin takardunsu akwai sunayen mutanen da suka zo a ranar da suka fi kowace rana rauni: wadda mijinta ya kore ta, wanda ya kasa biyan magani, yarinyar da aka ɓoye matsalarta. Ma'adanai na ƙwarai suna rufe irin waɗannan fayiloli na shekaru masu yawa kafin a bari a karanta, wani lokaci sai an tabbatar masu sunayen sun bar duniya. Ajiyewa daban, bazawa daban. Wannan ma yana nuna kuskuren ɗaukar kundi a matsayin wurin tallata kai, don wani ɓangarensa mafi daraja ba a nuna wa kowa.

Me ya sa na mata ya fi ɓacewa? Domin mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da ofis na dindindin. Takardun suna bin sakatariya gida, su zauna cikin kwali a ƙarƙashin gado ko saman kabad, ruwa ya taɓa, gara ta ci, a yi ƙaura a bar su. Kuma matan da kansu sukan raina abin, su ce ai ba wani abu muka yi ba, don Allah muka yi. Niyyar tana da kyau, amma sakamakonta shi ne bayan shekara hamsin a ce mata ba su taka wata rawa ba. Masaniyar tarihi Mary Ritter Beard ta ga wannan tun da wuri, ta jagoranci yunƙurin kafa cibiyar adana takardun mata ta duniya a Amurka a 1935, da taken da ke cewa in babu takardu, babu tarihi. Cibiyar ta rufe a 1940 saboda rashin kuɗi. Ban yarda da taken ɗari bisa ɗari ba, don baki ma yana riƙe tarihi. Sai dai baki yana riƙe na sarakuna da jarumai ne, masu maroƙa da kirari. Matar da ta kwana tana ƙirga barguna ba ta da mai yi mata kirari, takardarta ce kawai.

A wannan shekara ta 1935 ɗin, Rosa Manus da abokan aikinta biyu suka kafa irin wannan ma'adana a Amsterdam, suka fara da littattafai da takardun Aletta Jacobs, mace ta farko da ta zama likita a ƙasar Holan. A watan Yuli na 1940, makonni kaɗan bayan sojojin Jamus sun mamaye ƙasar, 'yan Nazi suka rufe wurin suka kwashe komai. Ita Rosa Manus, wadda Bayahudiya ce, an kama ta a 1941, ta mutu a hannunsu a 1942. An ɗauka takardun sun tafi ke nan, sai a 1992 aka gano wani ɓangarensu a wata ma'adanar sirri a Mosko, inda sojojin Tarayyar Sobiyet suka kai su bayan yaƙi. Sai 2003 aka dawo da su Amsterdam. Masu mamaya ba su raina takardun ƙungiyoyin mata ba, sun ga sun isa a turo mota a kwashe.

Barazanar yau ba ta buƙatar soja. Ƙungiyoyi da yawa sun daina rubuta bayanan taro a littafi, komai ya koma zauren WhatsApp: a can ake kawo shawara, a can ake amincewa, a can ma'aji ke tura hoton rasidi, rabin maganar kuma saƙon murya ne. Waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, ko mai kula da zauren ta yi fushi ta goge shi, shekara biyar ta tafi a dare ɗaya. Takardar da aka rubuta a 1939 tana nan ana karanta ta, amma saƙon da aka tura a 2019 sai an yi sa'a. Abin da ake buƙata ba shi da wahala: a ƙarshen kowane taro a rubuta shafi ɗaya mai kwanan wata, da sunayen waɗanda suka halarta da abin da aka yanke, a buga shi a takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi a wuri na biyu. A kuma rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiya cewa takardun na ƙungiya ne, kuma duk sakatariyar da ta sauka za ta miƙa su ga wadda ta gaje ta a gaban taro, a ƙirga littattafan ɗaya bayan ɗaya.