Tagwayen Dijital a Masaƙa

Tagwayen dijital kwafin inji ne, ko na ɗaukacin masana'anta, da ake ginawa a cikin kwamfuta. Ƙananan na'urorin awo da aka maƙala wa ainihin injin ne ke turo masa bayani babu yankewa, ta yadda in zafin injin ya sauka, na kwafin ma sai ya sauka.

Tarihi

Akan danganta tunanin da Michael Grieves, wanda ya gabatar da shi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2002. Sunan kuwa daga baya ya zo, wajajen 2010, ta hannun John Vickers na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Wasu kan kai asalinsa baya zuwa 1970, lokacin da injiniyoyin NASA suka yi ta gwaji a na'urorin kwaikwayo da ke ƙasa don dawo da 'yan sama jannatin kumbon Apollo 13 da ya samu matsala a sararin samaniya. Akwai masu musun hakan. Masana'antun jiragen sama da na motoci sun riga masaƙu karɓarsa.

A sashen rini

Nan ne ruwa da wuta suka fi tafiya. A injin rini irin na jet, kowane kilo na yadi kan ci ruwa lita 6 zuwa 10 a cika ɗaya, kuma ana cikawa a zubar sau da dama kafin a gama ɗauraya. Auduga kan sha rini a zafi kusan digiri 60 tare da gishiri da soda, poliyesta kuwa sai an kai 130. Idan aka gaggauta zuba soda, rinin ya kama kafin ya bi yadin sosai, launi ya fito dabbare-dabbare. Gyaransa sake rini ne, ruwa da tururi da sinadari duk a sake kashewa. Kwafin yana bin zafi da pH (ma'aunin tsamin ruwan rini) da gudun yadi, ya hango launin da zai fito tun tukunyar ba ta sauka ba, ya kuma nuna lokacin da ɗauraya ta isa.

A injin busarwa, awon damshin yadi ne ke hana ɓarnar gas, don kwafin kan nuna lokacin da yadin ya bushe.

Matsaloli

Na'urar awon pH kan kauce idan ba a daidaita ta a kai a kai, daga nan kwafin ya riƙa ba da shawarar banza. Tsofaffin injina ba su da wurin jona irin waɗannan na'urori, audugar kowace gona kuma da yadda take shan rini. Yawan ruwan da ake tsimi har yanzu abin jayayya ne, don akasarin alƙaluman daga masu sayar da manhajar suke fitowa.