Waiwaye: Daskarar da jakar ƙwan mace da dasa ta, daga ɓeran ɗakin bincike zuwa ɗakin haihuwa

Tun a 1909 William Castle da John Phillips na Jami'ar Harvard a Amurka suka cire jakar ƙwai ta wata baƙar ɓerar Masar suka dasa wa wata fara da aka cire wa tata. Aka haɗa ta da farin namiji. Da ta haihu, 'ya'yan duk suka fito baƙaƙe. Ke nan jakar ƙwan da aka dasa tana kamawa, tana kuma riƙe gadon mai ita.

Sai dai tsokar jakar ƙwan ba ta ajiyuwa. In aka daskarar da ita, ƙanƙara kan farfasa ƙwayoyinta. A 1949 Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano a Landan cewa wani sinadari mai suna gilisarin na kare maniyyi daga wannan ɓarna. A cibiyar tasu ta Mill Hill ce Delphine Parrott ta jarraba dabarar a jakar ƙwan ɓeraye. Ta daskarar da tsokar a sanyin digiri 79 ƙasa da sifiri, ta narkar, ta dasa a mazauninta na asali. A 1960 ta ba da rahoton cewa waɗansu daga cikin ɓerayen sun haihu.

Abin da ke taɓa mini rai shi ne aikin nan ya kwanta sama da shekara talatin, saboda a lokacin ba a ga majinyacin da zai amfana ba. Sai da maganin cutar kansa ya fara ceto 'yan mata yana barinsu ba haihuwa aka waiwaye shi. Roger Gosden ya maimaita shi a tumaki a Edinbura a 1994, sannan a 2004 tawagar Jacques Donnez a Beljiyam ta sanar da haihuwar jaririya bayan irin wannan dashe.

Dabbobin nan sun kuma nuna inda gizo ke saƙar. Ba daskarewa ke cinye yawancin ƙwai ba. Kwanakin farko ne bayan dashe, kafin sababbin jijiyoyin jini su ratsa tsokar. Har yau a jikin ɓeraye ake neman hanyar rage wannan asara.

A 2014, a Beljiyam ɗin dai, wata mai cutar sikila ta haifi ɗa namiji da tsokar da aka ajiye mata tun tana 'yar shekara 13, kafin a yi mata dashen ɓargo.