Rerawa

Rerawa ita ce fitar da kalmomi a kan wani kari na murya, ana jan wasu gaɓoɓi ana datse wasu, har zance ya tashi daga kamannin maganar yau da kullum. Ba wani reshen adabi ba ce mai zaman kansa, hanya ce ta isar da zance. Bahaushe yakan ce an rera waƙa ko da ta kalangu ce, amma a ma'anarta ta kusa ana nufin muryar da kalmomi ke ja mata gora: kari kaɗan ne, yana ta maimaituwa, kuma ba ya buƙatar kiɗa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Da haka ake rera salati, a rera talbiyya a hanyar Makka, uwa ta rera wa jariri har ya yi barci.

Bambancinta da waƙa

Kalmar waƙa a Hausa ta ɗauki kaya biyu: rubutacciyar waƙa mai baiti da ɗango da amsa-amo, da waƙar baka ta makaɗa mai jagora da 'yan amshi. Waƙa ita ce abin da aka tsara, rerawa kuwa yadda aka fito da shi. Baiti ɗaya yana iya samun kari uku a bakin mutum uku, kuma baitin bai canza ba. A waƙar makaɗa, ganga ce ke yanka wa murya lokaci, har mawaƙi ya matse kalma don ta shiga kiɗa. Mai rerawa ba ya yin haka. Inda numfashi da ma'ana suka ce a tsaya, nan yake tsayawa. Waƙoƙin Nana Asma'u (1793-1864) ta wannan hanya suka shiga gidaje, a bakin jajis, wato malamai mata masu zagaya garuruwa, da 'yan taru, ɗalibansu, ga matan da ba su taɓa riƙe takardar ba.

Hausawan Sudan sun fi kowa jin wannan bambanci a jikinsu. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da mabiya Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, da waɗanda hanyar Hajji ta sauke a Gadarif da Kasala da Wad Madani, suna zaune ne cikin Larabcin da ya ba kowane abu sunansa. Shi'ir, wato tsararren baiti, daban; guna, waƙar nishaɗi da kiɗa, daban; madihu, yabon Annabi, daban; inshadi, rera baitocin addini, daban; tilawa daban. Wanda ya kira mai madihu da sunan mai guna ya yi masa rashin ladabi, alhali a Hausa dukansu waƙa suke yi. Tarihin Aisha Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ya nuna nauyin wannan iyaka. Mahaifinta malami ne, ta tashi cikin karatu, amma guna ta zaɓa, ta zama cikin matan farko da aka ji muryarsu a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, kuma ba da yardar gida ta fara ba. Ta rasu a 1974.

Tilawa

A nan ne aka fi tsananta kiyaye harshe, kuma da gaskiyar masu tsanantawa. Ba a cewa mai karatun Alƙur'ani yana waƙa. Karatu yake yi, ko tilawa, bisa umarnin tartili da ya zo a aya ta 4 ta Suratul Muzzammil. Tsawon madda da gunna da wuraren tsayawa duk tajwidi ne ya ƙayyade su, ba daɗin kunne ba. Mai karatu yana ƙawata murya ne a cikin wannan shinge kawai. Mai rera baiti yana da damar jan wasali yadda ransa ya so, gardi ba shi da ita.

Duk da haka kunnen ƙasa yana bin mutum har kan allo. A halwa, wato makarantar allo ta Sudan, inda almajirai ke zagaye wutar dare da ake kira tugaba, ana jin sautin da ya dogara kan matakan murya biyar, irin na waƙoƙin ƙasar, ba irin na Masar ko Hijaz ba. Karatun marigayi Shehu Nurain Muhammad Siddiƙ, wanda ya rasu a hatsarin mota a 2020, shi ya kai wannan sauti kunnen duniya ta intanet. Riwaya ma ta bambanta: Duri ce ta daɗe a tsakiyar Sudan, Hausawa kuwa da Warshu suka zo daga gida.

Bege, zikiri da sauransu

Bege shi ne yabon Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma sunan abin da ake faɗa ne, ba sunan salon murya ba. Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, ana rera ta a watan Maulidi ba tare da kiɗa ba. Madihun Sudan, daga Hajjul Mahi na ƙarni na 19 zuwa Shehu Abdurrahim Albura'i na Zariba a Kurdufan (1923-2005), yana tafiya da ɗar, ɗan'uwan bandiri. Mai madihu yakan kanga fatar ɗar a kan garwashi, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji ko ta ɗaure, sannan ya ɗauko baiti. Shigowar ɗar ba ta mai da shi guna ba, domin har yanzu baiti ne a gaba, fata tana biye.

Zikiri maimaita lafazi ne gajere, kamar hailala, kuma manufarsa ambato ce ba sauraro ba. A da'irar da aka san ta da yammacin Juma'a a hubbaren Hamad Annil a Umdurman, kari yana ta ƙanƙancewa har ya koma numfashi da rangaji. Kirari kuwa kururuta shi ake yi da ƙarfi ba tare da kari ba, take kuma kiɗa ne ke faɗinsa. Dobet na makiyayan raƙuma a Butana, maƙwabtan Hausawan Gadarif, ɗango huɗu ne da mutum ɗaya ke ja da murya zalla, don haka ya fi kusa da rerawa a kan kowace waƙar makaɗa.