Salon Miƙaƙƙe a Ginin Manyan Cocin Ingila

Salon Miƙaƙƙe, wanda Turawa ke kira Perpendicular, shi ne mataki na ƙarshe na ginin Gotik a Ingila, wato salon ginin Turai mai bakuna masu tsini da dogayen tagogi. Ya fara bayyana a shekarun 1330, ya kuma yi tashe har zuwa tsakiyar ƙarni na 16. Magina na wancan zamani ba su san wannan suna ba. Wani masanin gine-gine, Thomas Rickman, ne ya raɗa masa shi a littafinsa na 1817, saboda layukan dutse da suke tashi tsaye cak daga gindin taga har zuwa bakanta.

Kafin shi, abin yayi a Ingila shi ne sassaƙen taga mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar reshen ganye. Faransa ta ci gaba da wannan hanya har ta kai ga salonta mai kama da harshen wuta. Ingila kuwa ta juya baya, ta koma ga layi miƙaƙƙe, aka yanyanka taga da bango gida-gida kamar allunan da aka jera.

Asalin salon daga Landan yake, wajen maginan fada. William Ramsey ya fara ginin ɗakin taron limamai na tsohon cocin Saint Paul a 1332, amma gobarar Landan ta 1666 ta cinye wannan aiki. Shi ya sa duk mai son ganin farkon salon da idonsa sai ya nufi babban cocin garin Gloucester.

A can aka binne Sarki Edward na Biyu a 1327. Kabarinsa ya jawo maziyarta da kuɗi, sufayen gidan ibadar kuma suka ɗauri aniyar gyara cocinsu, wanda tsohon gini ne mai kaurin bango tun zamanin Normanawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi. Rushe shi zai ci dukiya da lokaci, don haka magina suka bar tsohon bangon a inda yake, suka lulluɓe shi da siririn ragar dutse daga ƙasa har rufi, kamar wanda ya ɗora sabuwar riga a kan tsohuwa. Layi miƙaƙƙe ya fi dacewa da irin wannan aiki: yana ratsa baka da baranda da taga ba tare da ya damu da abin da ke bayansa ba. Mai kallo da ya tsaya a sashen addu'a, in ya zura ido ta cikin ragar, har yanzu zai hangi tsofaffin bakuna zagayayyu a lafe cikin duhu. Aikin ya faro daga reshen cocin na kudu tun 1331, sannan ya shiga sashen addu'a daga 1337. A ƙarshen gabas suka cire bango baki ɗaya, suka kafa taga mai tsayin wajen mita 22 da faɗin wajen mita 12. Taga irin wannan tana bukatar sandunan dutse a tsaye da kuma a gicciye don su tare iska, wato adon da kansa shi ne ƙashin ginin.

Annobar da ta afka wa Ingila a 1348 da 1349 ta kashe magina da yawa, har da Ramsey. Akwai masu cewa ƙarancin ƙwararru ne ya yaɗa salon, tunda sassaƙa layi miƙaƙƙe ya fi sauƙin maimaitawa. Wataƙila hakan ya taimaka, amma salon ya riga annobar zuwa da fiye da shekara goma.

Manyan ayyukan da suka biyo baya galibi gyara ne. A Canterbury aka sake zauren jama'a daga ƙarshen shekarun 1370 zuwa 1405, aikin da ake danganta wa Henry Yevele. A Winchester, daga 1394, William Wynford ya yi dabarar Gloucester a ƙarƙashin Bishop William na Wykeham, ya sassaƙe ginshiƙan Normanawa ya yi musu sabuwar fuska. A York, John Thornton ya yi gilashin babbar tagar gabas tsakanin 1405 da 1408.

Abin da ya fi ɗaukar ido a salon shi ne rufin mahuci. Haƙarƙarin dutse suna fitowa daga wuri guda a jikin bango, duka da lanƙwasa iri ɗaya, su baje sama kamar mahucin kaba, har su haɗu da na ɗaya ɓangaren. An fara shi a barandar da ta kewaye tsakar gidan sufayen Gloucester a rabi na biyu na ƙarni na 14. Da farko a ƙananan wurare kawai aka yarda da shi, sai bayan wajen shekara ɗari magina suka yi ƙarfin halin shimfiɗa shi a kan faffaɗan zaure. Mafi girmansa a duniya yana ɗakin ibada na King's College a Cambridge, wanda Sarki Henry na Shida ya aza harsashinsa a 1446, John Wastell kuma ya rufa shi tsakanin 1512 da 1515. Wastell ɗin ne ya gina hasumiyar tsakiya ta Canterbury. A ɗakin ibadar Henry na Bakwai da ke Westminster, wanda aka fara a 1503, duwatsu na reto daga rufi tamkar ba abin da ya riƙe su.

Salon bai tsaya a manyan coci ba. Attajiran ulu na Suffolk sun gina cocin garuruwansu da shi, kamar na Lavenham da Long Melford.

Da Henry na Takwas ya rufe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, kuɗin irin waɗannan gine-gine ya yanke. Cocin Bath, wanda Bishop Oliver King ya fara sabuntawa a 1499, na cikin manyan ayyuka na ƙarshe. Gidan ibadar Gloucester ya tsira ne domin an mayar da shi kujerar bishop a 1541. Bayan gobarar 1834 da ta cinye tsohon ginin majalisa, Charles Barry da Augustus Pugin sun koma ga wannan salo wajen gina Majalisar Dokokin Birtaniya a bakin kogin Thames.